Abin da na haɗiye tun hunturun bara

Tunda na ajiye aikin shagon kayan adon nan, bari in amayar da abin da ke cikina, ko waɗanda suka rage za su amfana.

Kun tuna odar 'yan mutum-mutumin nan na yumɓu mai bushewa da iska, barewa da ƙananan gidaje da ake jerawa a bakin taga lokacin sanyi. Yumɓun nan ruwa ne a jikinsa, yana bushewa yana tsukewa. Siriri kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, mai kauri ya fi haka, kuma sai ana juya shi don ƙasan ya sha iska. Madam ta ce ba ta da wannan lokacin, a jera su gaban hita. Na ce mata waje zai riga ciki bushewa, za su dare. Ta ce ba don lacca ta ɗauke ni ba.

Washegari wuyan barewa duk a tsage, rufin gidajen ya banƙare. A gaban kowa ta ɗaga guda ta ce hannuna ne bai iya murza ba, ƙarshen wata kuma aka zaftare mini albashi. Waɗanda suka ji umarnin da kunnensu suka sunkuyar da kai. Ban riƙe kowa ba, amma dai na gani. Daga ranar, duk umarnin da ya saɓa wa aikin sai na nemi a turo mini shi a rubuce, ko da saƙon waya ne.

Abin haushin, maganin a hannu yake. A dunƙule takardar aluminiyam a yi cikin da ita, a lulluɓe da yumɓu marar kauri, a sa waya a wuya da ƙafafu. In kuma sauri ake, ga Fimo, yumɓun roba da ake gasawa, minti 30 a tanda kan digiri 110 na Celsius ya gasu. Na kawo shawarar, aka ce iyayi ne. A bana kuwa da shawarar ake aiki, wai dabarar Madam ce.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Farin gam da fentin akirilik kada su kwana a sito mai sanyi, in suka daskare sun tashi aiki. Ɗanyen katako a gidan mai saye yake tsagewa, don iskar ɗakin da ake ɗumamawa busasshiya ce. Adon da aka yi da kwaɓin fulawa da gishiri yana jan danshi, a shafe shi da banish har ƙasansa. Kyandir ba ya zama kusa da ulu da auduga, a ba mutane fitilar LED.

In mai saye ya tambayi yadda zai jera, ku ce uku ko biyar, tsayinsu ya bambanta, a bar fili tsakani. Audugar da ake kwaikwayon dusar ƙanƙara da ita kuwa kaɗan ta isa. Madam tulawa take so, shi ya sa tagar shagon take kamar an farke katifa.