Kafar kaza da kafar T. rex

Mutane da yawa sun dauka gwiwar kaza baya take lankwashewa, to wannan gabar ba gwiwa bace, idon sawu ne, gwiwar tana can sama boye cikin gashi. Dogon kashin nan mai bawo-bawo da ke tsakanin idon sawu da yatsu kasusuwan tafin kafa ne suka hade wuri daya, ita kuwa kazar kan yatsu take tafiya duk rayuwarta. Gado ne ta ci daga dinaso, dabbobin zamanin da da suka kare, masu kafa biyu da masana ke kira theropod, dangin su T. rex kenan.

A wajensu kasusuwan nan uku ne a jere basu manne ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A kafar T. rex na tsakiyan ya tsuke daga sama har ya kusa bacewa tsakanin na gefe biyu, kasansa kuma ya bude, Thomas Holtz ne ya rada wa wannan tsarin suna a shekarun 1990. In dabbar ta taka kasa nauyi zai danna na tsakiya, shi kuma ya watsa shi gefe da gefe jijiyoyi su daure komai tamau, dabba mai tan-tan na nauyi ta juya da sauri kafa bata karye ba. Kuma fa dangogin dinaso daban-daban sun samu wannan siffa kowa ta hanyarsa, har da masu kama da jimina.

Sai su Deinonychus, wani dinason theropod wanda masani John Ostrom ya bayyana a 1969 daga jihar Montana ta Amurka. Yatsa na biyu a dage yake baya taba kasa, da katon farce a lankwashe. Da cewa ake da shi suke farke cikin dabba, amma a 2011 wasu masana suka ce anya, ya fi kama da na danne abin farauta kamar yadda shaho ke yi, ni dai wannan ya fi shiga kaina don farcen na soka ne ba na yanka ba.

Irin wannan kafar sawu mai yatsa biyu take bari, kuma an samu sawaye masu yatsa biyu a kan dutse a yankin Agadez na Nijar, aka sa musu suna Paravipus a 2011.