Turancin neman haya a Kaduna

Baƙon da ya sauka Kaduna neman haya, musamman a Barnawa ko Sabon Tasha, da Turancin dillalai zai fara cin karo. In an ce "self-contain", ɗaki ɗaya ne da banɗaki da kicin a ciki, babu falo. "Room and parlour" kuwa ciki da falo ne, amma sau da yawa banɗakin na tarayya ne. Leƙa da idonka.

Wanda ya fi cutar mutane shi ne "caution fee". Kuɗin ajiya ne saboda ɓarna, ba la'adar dillali ba. Ranar tashi a dawo maka da abinka, muddin ba ka fasa komai ba. Ka dage a rubuta shi a rasit, don in babu takarda, mai gida na iya cewa bai san zancen ba.