Bokiti biyu da gwangwanin tumatir

Jiya na je wani ofishin gwamnati nan Yamai karɓar takardar haihuwar autana. Ina cikin layi hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Kafin ka ce kwabo rufin ya fara zuba kamar rariya. Dattijon da ke gadi ya kawo bokiti biyu da gwangwanin tumatir, ya aje kowane daidai inda yake ɗiga, ko ɗaga kai bai yi ba. Ma'aikaciyar kuwa ta jawo leda ta lulluɓe manyan rajistoci, gefensu duk ya kumbura ya yi baƙi. Sunayen ƴaƴanmu ne fa a ciki!

Na ce, "Baba, tun yaushe haka?" Ya ce, "Ɗana, damina ta uku ke nan."

Abin haushin, ba gini ne ya gagare mu ba. Da taron Tarayyar Afirka na 2019 ya matso, an sabunta filin jirgin Diori Hamani, otal-otal suka tashi, kowa ya gani. Amma fallen kwano huɗu da ƙusa sun gagara, wataƙila don faci ba a gayyato masa ƴan jarida.

Takardar dai na samu. Gefenta a jiƙe, tana can na shanya kan katifa.