Allon da ake hawa a kan teku

A gaɓar Tarkwa Bay ta Legas, wadda sai da kwale-kwale ake isa gare ta, na fara ganin masu hawan igiyar ruwa ido da ido. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya goga wa allonsa kaki domin kada ƙafarsa ta zame, ya ɗaure igiyar allon a idon sawunsa, sannan ya kwanta rub da ciki yana tuƙi da hannuwa har ya yi nisa. Can ya zauna yana jira kamar mai kamun kifi, igiyoyi kusan goma suka wuce bai motsa ba, sai da wadda ta yi masa ta taso ya miƙe tsaye a kanta.

Wannan jiran ne ya sa na bi diddigin al'amarin. Ashe ruwan da muke gani yana tahowa ba tafiya yake yi ba. Ƙarfin iskar da ta kaɗa a can tsakiyar teku ne yake ratsa shi, wani lokaci tsawon dubban kilomita, ruwan kuwa yana jujjuyawa ne kusan a wuri guda. Idan wannan ƙarfi ya iso inda zurfi ya ragu, ƙasan igiyar sai ya rage gudu, samanta ya yi tsayi har ya kife gaba. Shi ya sa yanayin ƙasan teku yake da muhimmanci ƙwarai. A Nazare ta ƙasar Fotugal akwai wani kwazazzabo mai zurfin kusan kilomita 5 a ƙarƙashin ruwa da ke tattara ƙarfin igiyoyi, kuma a nan Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a watan Oktoba na 2020.

Mutanen tsibiran Hawai da ke tekun Fasifik su ne suka fi shahara da wannan wasa tun da daɗewa, har ma allo yana nuna matsayin mutum: sarakuna suna hawa dogon allo mai suna olo, talakawa kuwa gajere mai suna alaia. Wasan ya ja baya bayan zuwan 'yan mishan a 1820, sai wani ɗan Hawai mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a ninkaya a gasar Olamfik ta 1912, ya taimaka wajen farfaɗo da shi, ya kuma nuna shi kusa da birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 1914.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina rashin adalci ne, shi ne gaɓar Afirka ta Yamma tana da nata tarihin. A 1834 wani Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta dawo da su bakin gaɓa.