Talata: rigimar ƴ, da wani mai neman makulli

Kuskurena na farko yau shi ne buɗe waya kafin in sha koko. Sanarwar GitHub, shafin da muke ajiye aikinmu muna tattaunawa a kai, ta cika fuskar wayar, kuma tun kafin in karanta na san an yi faɗa cikin dare.

Mu shida ne muke haɗa ɗan ƙamus na duba rubutun Hausa a kan Hunspell, injin nan da manhajoji irin su LibreOffice da Firefox ke amfani da shi wajen ja wa kalma jan layi idan an yi kuskure. Ba mai biyan kowa ko sisi. Makullin shigar da gyara yana hannuna, shi ya sa duk rigimar da ta tashi a ƙofata take kwana.

Abin da ya faru: wani matashi daga Damagaram ya turo kalmomi wajen ɗari uku, aiki mai tsafta, amma ya rubuta ƴaƴa da ƴanci da ƴar'uwa da ƴ mai lanƙwasa, kamar yadda aka koya masa a makaranta a Nijar. Malaminmu na Kano, tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya, wanda rabin kalmomin ƙamus ɗin daga hannunsa suka fito, sai ya rubuta masa a gaban kowa cewa wannan ba Hausa ba ce, ya je ya koyi rubutu tukuna. Yaron ya mayar da martani da zafi. Daga nan kowa ya sa baki.

Abin haushin, dukansu suna da gaskiya. A Najeriya 'y muke rubutawa, a Nijar ƴ, sauti ɗaya ne. Ta fuskar aiki kuwa ba wata wahala: fayil biyu, ha_NG na Najeriya da ha_NE na Nijar, su ci daga tushe ɗaya. Minti arba'in na gama shi a ofis lokacin da oga ya fita. Gyaran zukata ne ya cinye mini yini.

Na rufe tattaunawar na ɗan lokaci, na ɓoye saƙo biyu da suka wuce gona da iri, ban goge ba, don gogewa tana sa mutum ya ji an ci masa fuska. Bayan Azahar na kira Malam.

"Allah ya gafarta Malam, barka da rana."

"Yawwa ɗana, ka ga abin da yaron nan ya yi ko?"

Na bar shi ya yi ta bayani a kan ƙa'idojin rubutu har katina ya kusa ƙarewa. Sannan na ce, "Malam, in ya tafi, wa zai kawo mana kalmomin can?" Ya yi shiru, ya ce zai duba. A bakin Malam wannan ban haƙuri ne. Na tuna Linus Torvalds, mai Linux, tsarin nan da ke tafiyar da kwamfutoci, wanda a Satumban 2018 ya fito ya nemi afuwa kan kaushin harshensa, ya ɗan janye daga aiki, aka kuma kawo ƙa'idojin ɗa'a. Ban faɗa wa Malam ba, da ya tambaye ni ɗan wane gida ne.

Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Akwai wani da ya shigo mana wata huɗu da suka wuce. Ban san fuskarsa ba, ban taɓa jin muryarsa ba, hoton shafinsa ma zane ne. Aikinsa ba laifi, gaskiya ya fi nawa sauri. Yau, ana tsakiyar hayaniyar nan, ya turo mini saƙo ni kaɗai: ya ga aiki ya yi mini yawa, in ba shi makulli ya riƙa rage mini. Jim kaɗan sai ga wani baƙon suna yana ƙorafi cewa gyare-gyare suna daɗewa, mai kula da aikin ya gaza.

Gabana ya faɗi, don na san wannan salon. Haka aka yi wa xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita shi kaɗai har ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimako cikin ladabi, wasu sunaye kuma suna matsa wa Collin lamba ya sallama aikin. Da amana ta samu, aka dasa ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutsawa kwamfutocin mutane a asirce, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Sai a ƙarshen Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, tana ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono abin. Rabin daƙiƙa fa!

To, wa zai ɓata shekara biyu a kan ƙamus ɗin Hausa? Na yi wa kaina dariya. Mai yiwuwa bawan Allah ne mai son aiki, ni kuma ina zarginsa saboda labarin wasu. Kuma gaskiya ya faɗa, na gaji. Gyara bakwai ke jirana tun makon jiya. Sai dai ƙamus ɗin yana zuwa da ɗan shirin girkawa da mutane ke saukewa su kunna a kwamfutocinsu ba tare da sun karanta ba, saboda sun yarda da mu.

Bayan Isha'i aka ɗauke wuta. A hasken waya na rubuta masa cewa daga yau ba gyaran da zai shiga sai mutum biyu sun duba, har da nawa, kuma ina so mu yi magana ta bidiyo ranar Asabar tare da sauran. Ya karanta, bai amsa ba tukuna.

Malam kuwa ya koma ƙarƙashin kalmomin yaron Damagaram ya rubuta, "Madalla da ƙoƙari," sannan ya jero masa kurakurai goma sha ɗaya. Na duba, tara daga ciki Malam ne da gaskiya.