Daga Faris zuwa Barbizon, bin sawun masu kala

Ƙarfe tara da rabi aka buɗe ƙofar gidan tarihi na Orsay, ni kuwa tun tara ina cikin layi a bakin kogin Seine. Ginin asalinsa tashar jirgin ƙasa ce da aka buɗe a 1900, sai a 1986 ya koma gidan zane-zane, kuma ƙaton agogon tashar yana nan a maƙale. Yawancin jama'a sama suka nufa, wajen zanen furanni da kwale-kwale. Ni a ƙasa na tsaya, don wasu mata uku na zo gani.

Jean-François Millet ne ya zana su a 1857. (Sunan nasa a Faransanci sunan wani nau'in gero ne, abin da ya ba ni dariya ranar da na fara ji.) Zanen bai kai girman da na zata ba, faɗinsa mita ɗaya ne da 'yan kai. An gama girbin alkama, matan suna kala, wato tsintar zangarniyar da ta zube. Biyu sun duƙa, hannu na laluben ƙasa, ɗaya da shuɗin ɗankwali, ɗaya da ja. Ta ukun ta ɗan ɗago amma ba ta miƙe ba, irin tsayuwar wanda ƙugunsa ya riƙe. Can nesa, cikin ƙura da hasken rana, ga tsibin dammuna kamar tuddai, ga amalanke maƙare, ga wani bisa doki yana sa ido kan ma'aikata. Abin da ke hannun matan kuwa bai cika tafi biyu ba.

Na fi minti ashirin a gabansu kafin na lura da dabarar mutumin. Layin da ƙasa ta haɗu da sama yana bisa kawunansu, babu wadda kanta ya leƙa sararin samaniya. Fuskokin ma ya ɓoye su cikin inuwa, ya bar mu da gadon baya da kaurin yatsu. Bai zana hawaye ko tsumma don a tausaya musu ba, bai kuma yi musu kwalliya ba. Shi ya sa masu hannu da shuni na Faris suka ji zafin zanen: juyin juya halin 1848 bai daɗe da wucewa ba, ga shi an ba mafi talaucin ƙauye matsayin da aka saba ba sarakai da waliyyai.

A nan kusa akwai zanen shanun huɗa na Rosa Bonheur na 1849, ƙasar da garma ta juya har kamar ka ji ƙamshinta. Masu fasa dutse na Gustave Courbet kuwa babu mai sake ganinsu, yaƙi ya ci zanen a Jamus a 1945.

Washegari na hau jirgi daga tashar Gare de Lyon zuwa Melun, tafiyar kamar rabin awa. Bas ɗin da na sa rai ta tashi ina kallon bayanta, dole na ɗauki tasi, aljihu ya ji a jikinsa. Barbizon tana bakin dajin Fontainebleau, kimanin kilomita 60 daga Faris, kuma kusan titi guda ne garin. Nan Millet ya tare da iyalinsa a 1849, nan ya rasu a 1875. Shi ɗan manoma ne daga Gruchy a Normandi, ya yi aikin gona kafin ya riƙe burushi, kuma hakan bai ɓuya a zanensa ba.

Gaskiya garin bai burge ni ba. Shagunan sayar da zane, otal-otal, motoci masu tsada. Gidan da ya yi aiki a ciki ƙarami ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, na gama zagaya shi cikin ɗan lokaci. Masaukin Ganne, inda masu zane suka riƙa kwana, ya fi daɗin gani, don har yanzu akwai zanen da suka yi a bango da jikin kabad.

Abin da na zo nema yana bayan gari. Na taka wajen kilomita biyu zuwa Chailly-en-Bière, fili shimfiɗe ba tudu ba kwari, hasumiyar cocin tana hango ni tun daga nesa. Ita ce ke cikin ɗaya zanen nasa, Angelus, inda namiji da mace suka dakata da haƙar dankali suka sunkuyar da kai don an kaɗa ƙararrawar addu'a. Faran 1,000, kuɗin Faransa na lokacin, aka ba shi a kansa. A 1889, shekara 14 bayan rasuwarsa, aka yi gwanjonsa kan faran 553,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kabarinsa yana maƙabartar ƙauyen, gefen na abokinsa mai zane Théodore Rousseau.

A hanyar dawowa na ratsa gefen wata gona da inji ya girbe. Na ce bari in gwada. Na duƙa ina tsintar zangarniyar da ta zube tsakanin guntayen kara, ban durƙusa ba, kamar yadda matan suka yi. Karan yana sukar yatsu, jini yana taruwa a ka. Ban kai minti biyar ba na miƙe da hannu a ƙugu, da zangarniya tara kacal. Tsohuwar dokar Faransa ta yarje wa talaka kala daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da hannu kawai.

Gaba kaɗan gonar latas ce, layi-layi har ƙarshen gani. Mutum shida ne a ciki sanye da rigunan leda, suna yanka suna jerawa a akwatuna bayan tarakta. Na ɗaga musu hannu, ɗaya ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na zuba zangarniyata a aljihu na kira mai tasi.