Taurari biyu da layin da na soke a littafina

A shekarata ta uku a jami'a, malamin da ke koya mana ilimin taurari ya ba ni aron madubin hangen nesa na sashenmu, mai faɗin inci 6, bisa sharaɗi guda: duk daren da na fita da shi, sai na kawo masa littafin da na rubuta abin da na gani, da lokaci, da yanayin sama. Aikin da ya ɗora mini shi ne in bi jerin Charles Messier, Bafaranshen nan mai farautar taurari masu wutsiya, wanda ya riƙa rubuta duk wani abu mai dishi-dishi a sama domin kada ya ruɗe shi da abin da yake nema. Jerin ya kai abu 110 a yau, kuma kusan dukkansu gajimaren iskar gas ne ko curin taurari. Na 40 daga ciki ne ya ba ni kunya.

Gano wurinsa ba shi da wuya. A arewa akwai taurari bakwai masu siffar ludayi, waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ash, kuma a daidai inda mariƙin ludayin ya haɗu da ƙoƙonsa akwai Megrez, mafi ƙarancin haske a cikin bakwai ɗin. Daga nan mutum zai matsa kimanin digiri ɗaya da rabi arewa maso gabas. A ƙasar Hausa wurin yakan ɗaga sama da digiri 40 daga doron ƙasa, kuma a ƙarshen watan Maris yakan kai ƙololuwarsa wajen tsakar dare.

Daren farko na fito daga ɗaki mai fitila, na kafa madubin a tsakar gida, ina duba taswira a allon waya, alhali sauran ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba. Na ga ɗigo biyu marasa ƙarfi kusa da juna, da wani fari-fari a gefensu, kuma da yake na riga na sa a raina cewa duk abin da ke jerin Messier gajimare ne, sai na rubuta: "Taurari biyu, hazo mai ɗan haske ya kewaye su." Washegari Malam ya karanta layin har sau biyu, sannan ya tambaye ni ko idona ne ya ga hazon ko sunan Messier ne ya gane mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga kamar akwai." Ya ce kama da wane ba ta wane, ya miƙo mini littafin.

A nan ne ya ba ni tarihin abin. Masanin taurari Johannes Hevelius na birnin Danzig ya ce ya ga gajimare a wannan yanki a shekarar 1660. A 1764 Messier ya juya madubinsa can daga Paris yana neman gajimaren, bai tarar da komai ba sai ƙananan taurari biyu, kuma haka ya rubuta, ya ba su lamba a jerinsa duk da cewa ba abin da ya fito nema ba ne. Wato mutumin da na jingina kuskurena da sunansa shi da kansa bai ga hazo ba, kuma madubinsa bai kai nawa ba.

Ban koma ba sai bayan ruwan farko ya wanke sama, a wani dare da babu wata kuma an ɗauke wuta a unguwa. Na fitar da madubin tun da wuri domin gilashinsa ya huce daga zafin ɗaki, na naɗa jar leda a bakin tocila, na zauna cikin duhu kusan rabin awa ba tare da na taɓa waya ba, ina fama da sauro. Na fara saita gani a kan tauraro mai haske har ya koma ɗigo kamar tsinin allura, sannan na matsa zuwa wurin. Hazon ya ɓace ɗungurungum. A ma'aunin hasken taurari, inda lamba ke ƙaruwa yayin da haske ke raguwa, ɗaya yana wajen 9.6, ɗayan wajen 10.1, ido tsirara kuwa iyakarsa 6 ko a daji. Idan na kalli na biyun kai tsaye sai ya dushe, idan na ɗan kau da ido gefe sai ya fito sarai, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni.

Abin da ya fi koya mini haƙuri shi ne auna tazarar da ke tsakaninsu. Na zare siririn zaren tagulla daga tsohuwar igiyar caji, na manne shi a cikin gilashin da ake kafa ido, na juya shi har ya gitta hanyar da taurarin ke bi. Idan aka saki madubi ba a taɓa shi, juyawar duniya takan sa tauraro ya riƙa zamewa zuwa yamma, kuma a wannan sashe na sama yakan ci kimanin daƙiƙar kusurwa 8 a kowace daƙiƙa ta agogo (daƙiƙar kusurwa ita ce kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri). Da yake taurarin biyu kusan gabas da yamma suke da juna, sai na farko ya ɓuya bayan zaren, in danna agogo, na biyu ya ɓuya, in tsayar. Na maimaita sau 10. Biyu daga cikin awon sun kauce wa sauran ƙwarai, har hannuna ya kai ga abin gogewa, sai na tuna fuskar Malam na bar su. Matsakaicin ya ba ni daƙiƙa 6 da rabi, wato tazarar kusan daƙiƙar kusurwa 52, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 35 na faɗin cikakken wata ba.

Murna ta sa na sake yin gaggawa. Na karanta cewa masanin taurari August Winnecke ya auna waɗannan taurari a Pulkovo ta ƙasar Rasha a 1863 ya sami daƙiƙar kusurwa 49, don haka na rubuta cewa tazarar ta ƙaru saboda suna kewaya juna. Malam ya yaba awon, amma ya ja layi ƙarƙashin kalmar "saboda", ya ce taurari biyu da kowanne ke tafiyarsa dabam su ma tazararsu za ta iya ƙaruwa, kuma zaren tagulla ba zai raba gardama ba. Wanda ya raba ta shi ne kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai, domin a 2016 an yi amfani da awonsa aka nuna cewa babu abin da ya haɗa taurarin nan sai layin da muke hangen su daga duniya. Hasken ɗaya yakan yi ƙasa da shekara 500 kafin ya iso mu, na ɗayan kuwa fiye da shekara 1,000, kuma mai nisan shi ne ya fi haske a ido.

Malam ba ya yarda a yage shafi ko a goge rubutu, sai dai a soke shi da layi ɗaya yadda za a iya karantawa. Saboda haka shafin yana nan da sokewa biyu, ɗaya a kan "hazo mai ɗan haske", ɗaya a kan "suna kewaya juna", a tsakaninsu kuma lambobi 10 a jere, da tabon jinin sauro a gefen na bakwai.